Na Biya Kuɗin Iyo a Kan Benci, 'Yata Ta Rasa Sauka

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni mai ɗinkin hijabi ce a cikin gida a unguwar Makera ta Kaduna, uwar 'ya'ya uku, kuma karatuna na boko a aji shida na firamare ya tsaya. Allah ya yi ni da tsoron kuskure. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na sake taɓa kwaɗon, idan mai kaya ta karɓi ɗinki ba ta yi murmushi ba sai in wuni ina neman inda na ɓata. Duk wanda ya riƙe biro ya yi mini Turanci kuwa, gani nake ya fi ni sanin abin da ya dace da gidana. Wannan hali ne ya sa na yi wa 'yata ta fari abin da nake jin kunyarsa har yau, shi ya sa na ga gara in rubuto ko wata uwar za ta tsira.

Yarinyar tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Tun tana ƙarama take zuwa Islamiyyar unguwarmu bayan La'asar, daga Asabar zuwa Laraba, wajen wani dattijon malami da ya karantar da rabin matan layinmu. Saura mata 'yan izu kaɗan ta sauke Alƙur'ani, kuma Malam ya riga ya shaida mana cewa ajinsu ne zai yi sauka kafin azumi, sunanta ma yana cikin na gaba. A makarantar ba kowace shekara ake sauka ba, sai aji ya kai gaba ɗaya. Wanda ajinsa ya wuce ya bar shi, sai ya jira na baya. Yarinyar ba ta da wata hira a gida sai ta ranar walima.

A wannan shekarar ne muka cire ta daga makarantar gwamnati muka kai ta ta kuɗi, can wajen Nasarawa. Maigidana direban motar kaya ne a Kakuri, mun zauna mun duba kuɗin makaranta da na bas mun ga za mu iya idan muka matse. Mako biyu da fara karatu sai ga ta da takarda mai launi, wai fom ɗin shiga kulob, wato ƙarin darussan bayan an tashi. Ana tashi ƙarfe biyu, amma Litinin da Talata da Laraba akwai kulob har huɗu da rabi. Na juya takardar nan ya fi sau goma ban gane ko dole ba ne, sai na shirya na tafi wurin mai makarantar, wadda kowa ke kira Madam. Tana ganina ta miƙe tana Hajiya sannu da zuwa, ni da ban taɓa taka ko filin jirgi ba. Daga baya na gane duk wadda za a karɓi kuɗinta a ofishin nan Hajiya ce. Ta ce sam ba dole ba ne, sai dai iyayen da suka damu da makomar 'ya'yansu ba sa ma tambaya ko dole ne. Ta ƙara da cewa bas ba ya tashi sai an gama kulob, don haka wanda ɗansa ba ya ciki ko dai ya zo ya ɗauke shi da kansa ƙarfe biyu, ko ya biya kuɗin jira. Wato zaman banza ma a makarantar nan da kuɗinsa.

Maganar makoma ce ta kama ni. Na tuna yadda nake tsayawa a asibiti ina jiran wani ya cike mini takarda, na ce a raina idan na hana yarinyar nan ilimin da aka kawo har gabanta, me zan ce wa Allah? A nan take na sa hannu a kan uku: kwamfuta, Faransanci da iyo. Iyon ma tsoro ne ya sa na zaɓa, don duk damina sai an ji kogi ya ci wani. Da maigidana ya ji sai ya yi dariya har da tari, ya ce shi a kogin Kaduna ya koyi iyo da gajeren wando, kuma abin da ya biya kawai bulalar babansa ce. Ya tambaye ni Islamiyya fa, na ce ai huɗu da rabi ake tashi, za ta riƙa samun ƙarshen karatu. Ya ce tunda ni na ga zan iya, in yi da kuɗin ɗinkina.

Ashe bas ɗin sai ya zaga Barnawa da Narayi har Unguwar Boro ya sauke 'ya'yan masu hali, sannan ya waiwayo Makera ana shirin kiran Magariba. Ashe kuma kuɗin fom sallama ce kawai. Kowane kulob da rigarsa mai launi daban, kuma a wurinsu za a saya. Na ce zan ɗinka mata doguwar rigar iyo da kaina don sutura, aka ce ba a karɓar ɗinkin gida. Aka zo da hular roba da tabarau na ruwa, aka zo da kuɗin dizal na ɗakin kwamfuta, aka zo da wata rana wai ta al'adun Faransa, kowane yaro ya kawo kuɗin burodi mai tsawo. Adashin da nake tarawa don in canza keken ɗinki a nan ya narke. A guruf ɗin iyaye na waya kuwa, da an turo sabuwar buƙata sai ka ga matan nan suna rige-rigen godiya da hotunan furanni, kowace tana nuna ita ta fara biya. Ni da ba na iya rubuta Turanci sai in tura alamar hannu, don kada a ce matar Makera ce ta gaza.

Wata ɗaya da haka Malam ya aiko a kira ni. Ya ce, cikin natsuwa irin tasa, 'yar nan kanta yana ja, amma kwana biyu a mako ba sa riƙe karatu, bitarta ta fara zubewa, kuma shi ba zai tsayar da aji saboda mutum ɗaya ba. Na ce Malam a yi haƙuri, zan riƙa sa ta karatu a gida. Ya dube ni ya ce to Allah ya ba da iko. Ban sa ta ba, don dawowa take a gajiye ta yi barci a kan aikin gida da yunifom a jikinta. Sau biyu ta same ni a bakin keke ta ce Umma don Allah a cire ta daga kulob ta koma Islamiyya. Na farko na ce ta bari zangon ya ƙare. Na biyu na yi mata tatas, na ce ragwanci ne da ƙauyanci, ni ina nan ina kashe idona a kan allura don ta zauna da 'ya'yan manya ita kuma tana neman gudu. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka ta gane.

Maƙwabciyata ce ta buɗe mini ido, wata mata 'yar kudancin Kaduna da ke shara a makarantar Madam. Muna shanya wata rana ta ce Maman yara, ita fa ba ta ce komai ba, aikinta take so, amma in zo ranar Laraba ƙarfe uku ta ƙofar baya in ce magani na kawo wa 'yata. Na ce me zan gani, ta ce zan ga kogin da suke iyo, ta fashe da dariya ta shige ɗaki. Kwana biyu ina fargabar yin ƙarya ga mai gadi, a ƙarshe sai da na sayi maganin ciwon kai na riƙe a hannu don maganar ta zama gaskiya.

A bayan azuzuwa na same su. An jera benci-benci a rana, yara sun kwanta rub da ciki a kai, kowa da hular roba da tabarau, suna wutsil-wutsil da ƙafa suna yaƙin iska da hannu. Malamin wasanni yana zaune a inuwa yana danna waya, jefi-jefi ya busa usur ba tare da ya ɗago kai ba. Ko bokitin ruwa babu a wurin. 'Yata tana benci na ƙarshe, gumi yana bin fuskarta ta ƙarƙashin tabarau, a daidai lokacin da 'yan ajinsu na Islamiyya suke alwala suna ɗaukar jaka. Da ta hango ni sai ta tsaya cak, ta sunkuyar da kai kamar ita ce ta yi laifi.

A cikin Keke Napep muna komawa ta faɗa mini sauran. Sau ɗaya tak aka taɓa kai su ruwa, a wani otal a Barnawa, suka zauna a bakin ruwan suka tsoma ƙafa aka ɗauki hoto, hoton da na biya kuɗinsa na manna a bango ina nuna wa masu kawo ɗinki. Kwamfuta uku ce a ɗakin, ɗaya ke aiki, kuma ba a taɓa tayar da janareta dominsu ba, idan babu wuta sai su zana allon kwamfuta a littafi. Malamar Faransanci waƙa ɗaya ta iya, ita suke maimaitawa tun farkon zango. Na ce don me ba ta gaya mini ba. Ta ce ta ga yadda nake murna idan ina faɗa wa mutane, kuma ta ga na fasa sayen keke, sai ta ji tsoron in ji ciwo.

Kwana uku ina shirya maganar da zan yi wa Madam, har a gaban madubi. Da na shiga ofishin sanyin na'ura ya buge ni, sai na ji bakina yana cewa a yi haƙuri na zo da 'yar tambaya. Ta saurare ni tana murmushi ta ce Hajiya haka ake yi a ƙasashen waje, sai an ƙware a kan tudu kafin a shiga ruwa, ko so nake 'yata ta nutse? Ta ce a duk iyayen makarantar ni kaɗai ce na taɓa ƙorafi, kuma kuɗin da ya shiga ba ya fita. Wannan mata da ke sayar wa mutane benci da sunan kogi, ni na tashi na yi mata godiya kafin na fita. Har yau idan na tuna sai in ji na raina kaina fiye da yadda na raina ta. Abin da na iya kawai shi ne na ce a cire sunan yarinyar daga kulob, na koma ina zuwa ɗaukarta ƙarfe biyu.

Washegari na kama hannunta muka je wurin Malam. Saura mako biyar sauka. Ya buɗe mata wurin da ta wuce tun bara ya ce ta karanta. Ta fara, ta tsaya, ta koma, ta sake tsayawa, sai hawaye. Ya ce ya isa, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Sannan ya juyo gare ni ya ce ba zai iya sa ta cikin masu sauka ba, don ba zai tsaya gaban jama'a ya shaida abin da bai tabbata ba. A nan na yi kuskuren da ya fi duka muni. Bakina ya saba da ofishin Madam, sai na ce Malam nawa ne idan za a yi mata darasi na musamman a sa sunanta. Ina rufe baki na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon nan ya ce Malama, nan ba a sayar da wannan, idan ta zo da asuba ma zai ƙara mata kyauta, amma izun da suka rage da bitar da ta zube ba aikin mako biyar ba ne, ta koma aji na baya ta riƙe da kyau.

Ranar walima ta ce ba za ta je ba, daga baya ta sa tsohon hijabinta ta tafi ta zauna cikin 'yan kallo. Ana kiran ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya da lasifika, muna ji har tsakar gida. Kakarta da ta zo daga ƙauye tun kafin in sami ƙarfin halin gaya mata gaskiya, ta zauna a ɗakina da ƙullin kyautar da ta kawo har ta koma. Yanzu yarinyar tana aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta, ta fi kowa tsawo a sahu, kuma ba mu san ranar da ajin zai kai ba.

Abin da na koya shi ne, rashin karatuna bai cuce ni ba kamar kunyar rashin karatun. Masu irin waɗannan makarantu sun san mu sarai, sun san uwar da ba ta yi nisa a boko ba, za ta biya ko nawa ne don kada a ga gazawarta, kuma da wannan suke cin abinci. Ban ce duk makarantun kuɗi haka suke ba, wadda na gani na faɗa. Amma 'yar'uwa, idan aka miƙo miki fom mai launi, ki tambayi ƙarfe nawa yaron zai iso gida da abin da zai rasa a wannan lokacin, don ba a rubuta shi a takarda. Ki je da ƙafarki ranar kulob ba tare da sanarwa ba, ki ce a nuna miki ruwan da kwamfutar, ba sai kin iya Turanci ba kafin ki gane benci. Idan kuma ɗanki ya zo ya ce a cire shi, ki ajiye abin da ke hannunki ki tambaye shi dalili. Tawa ta zo mini sau biyu. Na nemi gafararta daga baya, ta ce Umma ba komai, ta ɗauki jakarta ta bi yara ƙanana zuwa Islamiyya.