Garwa Biyu da Riyal ɗin Tukwici

Duk wanda ya zauna a unguwar Nakkasa ta Makka a wancan zamani ya san Mailafiya ga-ruwa. Mutumin Haɗeja ne, dogo, mai kanta a kafaɗa kamar tafin raƙumi. Da ƙafa ya zo Makka, ta Chadi da Sudan, shekara shida a hanya, yana tsintar auduga yana ƙara gaba. A hanyar ya auri Rumasa'u. Ranar da suka sauka ya yi mata alkawari guda: muddin yana numfashi, ba za ta zauna bakin titi tana talla ba kamar sauran matan unguwa. Shekara goma sha bakwai ya riƙe alkawarin nan, kuma da wuyansa ya riƙe shi.

Gida ɗaya yake wa aiki, gidan Abdulganiyyu muɗawwifi, mai saukar alhazai. Bene ne hawa biyar. Mailafiya zai cika garwa biyu a bazan, wato mashayar unguwa, ya rataya su a sanda, ya saɓa. Sandar da garwanin su ake ce wa zafa. Ya hau matakala yana "Ya Sattar, hanya!" don mata su kauce, ya juye a randuna, ya sauko, ya koma. Sau talatin a yini, in da alhazai ya fi haka. Lokacin Hajji a loda shi a bayan mota tare da tantuna, Mina, Arfa, Muzdalifa, yana shayar da mutanen da ko fuskarsa ba su duba ba.

Abdulganiyyu ne ke yanka masa lokacin zuwa da na tashi. Shi ya hana shi kai wa kowane gida ruwa, ko na maƙwabci. Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi ya turo wani ɗan'uwansa ga-ruwa, korar mutumin aka yi daga bakin ƙofa, wai gidan mutunci ba ya karɓar baƙuwar fuska. Sannan duk ƙarshen wata sai a gutsure wani abu daga ladansa, a ce harajin ma'aikacin gida ne da ake kai wa hukuma. Mailafiya bai taɓa ganin takardar ba, bai kuma tambaya ba. Shi a ganinsa, tun da ana cire masa na ma'aikaci, ai ma'aikaci ne. To ku gaya mini, in ba ma'aikaci ba, mene ne wannan?

Magatakardan gidan wani Isa ne, magidanci, Bahaushe haifaffen Makka, mai Hausa rabi Larabci rabi. Wata rana a 1962 ya hauro Nakkasa da kansa, ɗauke da sabuwar zafa daga maigidansu, wanda suke ce wa Sidi, garwanin har ɗaukar ido suke.

"Kawu Mailafiya, Sidi ya ce a kawo maka. Hadiyya ce, taka ce halak malak."

Wayyo, zo ku ga murna wurin bawan Allahn nan! Ya kira Rumasa'u, ya kira maƙwabta. Sannan ya yi abin da duk ɗan halas na ƙasarmu zai yi wa wanda ya kawo masa kyauta: ya kwance bakin zani, ya ciro riyal guda, ya ba Isa tukwici. Isa ya ɗan noƙe, ya karɓa. Ya zaro wata takarda ya ce a dangwala, shaidar cewa saƙo ya iso. Mailafiya ya dangwala yana ta sa albarka.

A 1967, mako biyu kafin Hajji, ƙafarsa ta zame a hawa na huɗu. Da shi da ruwa da garwani suka gangaro tare. Ƙugu ya goce, ƙafar dama ta karye biyu. Wata huɗu yana kwance. Abdulganiyyu ya aiko da kwandon dabino sau ɗaya, da gaisuwa, shi ke nan. Rumasa'u ta sayar da tasoshinta, ta sayar da 'yan kunnenta.

Da ya fara dogara sanda sai ya rarrafa gidan Abdulganiyyu.

"Ya Sidi, a gidanka na karye. An ce ma'aikaci in ya nakasa a bakin aiki yana da hakki."

"Ma'aikaci, na'am," in ji Abdulganiyyu, yana jan carbi. "Amma kai ya Hajji ai ɗan kasuwa ne. Ruwa kake sayar mini, ni ina saya. Allah ya ba ka lafiya."

Ɗan kasuwa! Mutumin da aka hana shi sayar wa kowa ko moɗa guda! Wallahi akwai rashin kunyar da sai a Makka za ka gan ta, kusa da Ɗakin Allah, da carbi a hannu.

Mutanen unguwa suka nuna masa ofishin da ke sauraron ƙarar ma'aikata. Ya sa rigar sallarsa ya tafi, yana tafe yana hutawa. Abin da yake nema bai da yawa: diyyar da za ta sai masa ɗan tebur ya kasa goro da asuwaki a ƙofar gida, ya ci gaba da ciyar da matarsa. Abdulganiyyu bai ma zo ba, Isa ya turo da jakar takardu. Jami'in ya yi ta tambaya, tafinta yana juyawa. Wa ke sa maka lokaci? Sidi. Kana kai wa wasu? A'a. Kana iya tura wani a madadinka? A'a. Jami'in yana gyaɗa kai yana rubutu, har zuciyar Mailafiya ta fara sanyi.

"Kayan aikin fa, na wa ne?"

"Nawa ne," in ji Mailafiya, har da ɗaga kai. "Kyauta Sidi ya ba ni."

Nan Isa ya buɗe jaka ya miƙa takarda. Ga dangwalen Mailafiya ɓaro-ɓaro. A samansa an rubuta cewa ya sayi zafa ɗaya daga gidan Abdulganiyyu a kan riyal ɗaya, ya biya lakadan, don gudanar da sana'arsa ta kansa.

"Ka ba da riyal ko ba ka bayar ba?"

"Na bayar, amma tukwici ne!"

Tafinta ya yi ta kame-kame, ya rasa yadda zai faɗi tukwici da Larabci. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan ya san abin ciki da bai, shi ne Isa, wanda uwarsa ta goya shi da Hausa. Mailafiya ya juya gare shi.

"Isa, ɗan nan, gaya musu mana. Ka san tukwici."

Isa ya duƙar da kai yana gyara bakin jaka. Ya ce da Larabci, shi dai abin da ke rubuce ya sani. Tir da wannan baki!

"To harajin ma'aikaci da ake cire mini shekara goma sha bakwai fa?" in ji Mailafiya.

Jami'in ya duba, ya ce wannan babi ne daban. Ta wajen haraji, an lissafa shi cikin ma'aikatan gida, cirewar ta halatta. Ta wajen diyya kuwa, mai kayan aikinsa mai zaman kansa ne. Wato in za a karɓa daga hannunsa ma'aikaci ne, in za a ba shi ɗan kasuwa ne. Aka rufe fayil, aka kira na gaba.

Mailafiya ya koma gida. Kwana uku yana kallon bango. Rana ta huɗu da hantsi ya ji ƙarar guduma a tsakar gida, ya leƙo. Rumasa'u ce ta kifa garwa ɗaya tana huda ta da ƙusa, ta yanke mata baki ta gefe. Murhu take yi. Ɗayar ta riga ta jiƙa wake a ciki.

"Rumasa'u, na yi miki alkawari."

"Ka cika, Malam. Shekara goma sha bakwai ka cika. Shiga ciki, hayaƙi zai dame ka."

Ba a yi sati ba sai ga Isa ya hauro, yana share gumi. Ya sami Rumasa'u a bakin titi tana tsame ƙosai, Mailafiya na zaune daga nesa a kan dutse, ya juya wa titin baya don kada ya gani.

"Inna, Sidi ya ɗauki sabon ga-ruwa. Ya ce a ba ni zafar gida."

Kun ji fa. Zafar gida!

Rumasa'u ba ta ko ɗago ba. Ta nuna murhun da tsinken suya, wuta na ci a cikin garwar da mijinta ya hau bene da ita shekara biyar.

"Ga ta nan, ɗauka in hannunka zai iya. Ka ce wa Sidinka riyal guda muka saya, lakadan. Takardar tana jakarka."

Isa ya tsaya kamar an dasa shi. Mailafiya bai juyo ba, amma kowa a layin ya ga kafaɗun nan masu kanta suna rawa don dariya. Wata mata ta miƙo kwano ta ce a zuba mata na kirshi biyu, Rumasa'u ta zuba.