Ƙawar Inna Mai Nono

Shekarar da likita a Anka ya ce zuciyar Inna ta kumbura, na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa a Gummi, na dawo gida jinya. Ni kaɗai ce ɗiyarta mace. Na rage gishiri a miyarta, na raba mata magani, na safe daban, na marece daban. Ko buta ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai in riga ta.

Kumburin ƙafafunta ya sace, amma tsoro bai sake ta ba. Matar da take surfe tun da safe ta koma zaman tabarma, hannu a ƙirji, tana sauraron bugun zuciyarta.

Akwai wata tsohuwar Bafillatana da take kawo mana nono daga rugarsu ta hanyar Bukkuyum. Ran nan ta sauke ƙwaryarta, ta dubi Inna, ta ce ita ma ciwon ke nan gare ta, shekara uku tana shan magani.

"Tashi ki raka ni zaure," in ji ta.

Na ce, "Baba, ba ta iyawa."

Ban rufe baki ba Inna ta dafa bango ta miƙe. Wata biyu ina lallashinta ta zagaya tsakar gida, ta ƙi.

Daga zaure suka kai gindin darbejiya, daga nan bakin rijiya. Sukan dawo suna haki suna dariya, suna gwada wa juna ƙwayoyinsu kamar yara da kayan salla. Miyar da Inna take turo mini tana cewa lami ce, ita ce tsohuwar ta ƙara wa daddawa, Inna ta suɗe kwano. Ni ina madafa ina jin su, na ƙi fitowa.

Wata ranar kasuwa na tare tsohuwar a zaure, na ce Inna tana barci. Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta juya. Da na shiga na tarar da Inna zaune, ta yafa mayafi, takalma a ƙafa.

"Mi ta yi miki?"

"Tana gajiyar da ke, Inna."

"Ke in kin dube ni, mutuwata kika gani. Ita ko abokiyar tahiya ta gani."

Na shige ɗaki na yi kuka, fushi ya fi kunya yawa a cikinsa.

Da muka koma asibiti likita ya auna ta, ya ji daɗi, ya tambaya wa yake taimakonta. Ina tsaye da ledar magani a hannu Inna ta ce, "Ƙawata." Sai da muka fito ta ƙara da cewa, "Da ɗiyata mai hana ni gishiri."

Ni na aika ruga aka ba tsohuwar haƙuri, ta dawo ba ta tada zancen ba. Da hutuna ya ƙare na bar wa matar ƙanena tsarin maganin. Inna da kanta ta taka ta raka ni tasha, amma ba ta jira motar ta cika ba, wai ƙawarta tana nan tafe kada ta tarar ba ta gida.