Ranar da Na Ɗura wa Kwamfutar Baba Magani Uku

Abubuwa da yawa sun faru da ni a Samaru waɗanda yau sai an tuna mini, amma ranar da na kusa hallaka littafin Babanmu da hannuna, ba na jin za ta fita daga raina har in bar duniya.

Shekarar da na gama jami'a ce, ina zaune a gida ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Baba tsohon malamin firamare ne, kuma tun da ya yi ritaya ya ɗora wa kansa aikin rubuta tarihin danginmu. Shekara huɗu, ko ma biyar, yana hawa keke zuwa Bomo da ƙauyukan da ke gaba, yana zama da tsofaffi, yana rubuta abin da suka faɗa masa. Da yayanmu ya aiko masa da kwamfutar tebur ta gwanjo, sai ya koyi bugawa da yatsa biyu. Duk littafin rubutun da ya gama bugawa sai ya jefa shi cikin kwali a ɗakin ajiya, can gara ta cinye su ba mu sani ba. Wato babi goma sha huɗun da ya buga ɗin nan, babu su ko'ina a duniya sai cikin wannan kwamfutar.

Ni na jawo cutar, ina jin. Na ɗauki babi ɗaya a filash na kai shagon buga takardu, da na dawo na sake soka filash ɗin, sai kwamfutar ta fara nauyi, sunayen wasu fayil suna fitowa bibbiyu. Baba ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ke ce mai digiri a gidan nan, ki duba mana." Digirina a fannin noma ne, amma kunya ta hana ni faɗa.

Aka ce mini bairos ne, sai an saka antibairos, wato manhajar da ke kama cutar. To wanne? Mai kafen intanet na bakin kasuwa ya faɗi ɗaya, ya ce sauran shirme ne. Wani ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinmu ya faɗi wani, ya ce na mai kafen cinye kwamfuta yake yi. Wata abokiyar karatuna ta kawo na uku. Mako guda na yi da takarda, na ja layi, ina rubuta amfanin kowanne da aibinsa. Kullum na zaɓi ɗaya, sai zuciyata ta ce, idan shi ne marar kyaun fa?

Daga ƙarshe na shiga motar Sabon Gari. Mai sayar da faifan sidi ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Anti, duka ukun suna ciki."

Na ce, "Wanne ya fi?"

Ya ce, "Duka suna da kyau, kowanne da aikinsa."

A hanyar komawa na yi wani tunani wanda a lokacin na ɗauka hikima ce. Ƙofar gidanmu kwaɗo biyu gare ta, ga sakata. Me zai hana in saka duka ukun, abin da ɗaya bai kama ba ɗaya ya kama? Na kuma yi tunanin in fara kwafe littafin a wani wuri, amma sai na ji tsoron kada in kwashi cutar tare da shi. Na ce bari in fara wankewa, sannan in kwafa. Wannan shawarar ita ce har yau take ci mini rai, domin ba ganganci ne ya kawo ta ba, tsabar taka-tsantsan ne.

Ranar Asabar da safe Baba ya tafi taron dattawan coci. Na saka na farko, lafiya. Na biyu ya fito da gargaɗi cewa akwai wani irinsa a ciki. Na karanta sau biyu, na ce ai shi ne abin da nake so, na danna a ci gaba. Na saka na uku. Da kwamfutar ta sake tashi, sai ƙara ta ko'ina, saƙonni masu jan rubutu suna fitowa ɗaya a kan ɗaya, kowanne yana cewa ya kama wani abu, yana tambaya ko ya kawar da shi. Na yi ta danna e, e, e, ban ma tsaya karanta sunayen abin da ake kawarwa ba. Sai 'yar kibiyar da ke yawo a allon ta tsaya cak. Allon ya yi baƙi. Ta kunna kanta, ta mutu, ta sake kunnawa, ta sake mutuwa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Mama ce ta shigo ta same ni, ta ce, "Ke, lafiya? Wa ya mutu?" Na nuna mata allon. Ba ta san komai game da kwamfuta ba, amma ta san abin da ke ciki. Ta ciro zani daga akwati ta ce, "Naɗe ta ki tafi wajen masu gyara, kafin ya dawo."

Haka na rungume ta a cinya cikin motar haya, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar babi guda ne ya zube. Mai gyaran da aka nuna mini a Sabon Gari mutumin kudu ne, amma ya daɗe a Zariya, Hausa a bakinsa tar. Da na gaya masa abin da na yi, sai da ya dafa tebur don dariya.

Ya ce, "Uku? Haba Anti! Karnuka uku kika kulle a ɗaki ɗaya, kowanne yana ganin ɗan'uwansa ne ɓarawon. Ba komai, fomatin za mu yi, ta dawo sabuwa fil."

Na ji sanyi a raina, har na ce masa to. Ya saka faifansa, allon ya yi shuɗi, ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Sai wannan halin nawa na yawan tambaya, wanda ya jefa ni cikin rami, ya sake motsawa. Na ce, "Oga, yi haƙuri, wataƙila tambayar banza ce. Rubutun da ke ciki fa, yana nan ko?"

Ya ce, "Wane rubutu? Fomatin komai yake sharewa."

Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Na yi masa bayanin tsofaffin, da keken, da garar. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya kwance kwamfutar, ya ciro rumbun ajiyarta, wani ɗan ƙarfe kamar sabulun wanki, ya jona da tasa. Ya ce in zauna, na kasa. Ina tsaye ina addu'ar da ba ta da kai ba ta da gindi, har sunayen babi-babin suka fara fitowa. Muka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyu suka buɗe. Biyu babu su. Suna cikin abin da na danna a kawar, kuma duk dabarar da ya yi har la'asar ba su dawo ba. Ɗaya daga ciki hirar Baba ce da gwaggonsa, wadda ta rasu daminar da ta wuce.

Ya cire duka ukun, ya wanke kwamfutar, ya saka ɗaya tak. Na ce, "Wanne ka zaɓa?" Ya ce, "Wanda zan iya ba ki sabuntawarsa a filash duk wata. Shi ne mai kyau."

Na tarar da Baba a tsakar gida. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ce, "Wane babi?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, har da na Gwaggo." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na fi son ya yi faɗa, amma bai yi ba. Can ya ce, "Tashi ki ɗauko biro."

Mako uku muka yi, yana tunowa ina rubutawa. Wani lokaci sai ya rufe ido, sannan ya ce, "Bar fili a nan. Na manta yadda ta faɗa, kuma ba zan sa mata magana a baki ba." Filayen nan suna cikin littafin har yau, guda bakwai, ni na ƙirga su.

Abin da na koya shi ne, abu mai daraja a fara ajiye kwafinsa kafin a taɓa shi da sunan gyara. Na kuma gane cewa ƙin zaɓa ba taka-tsantsan ba ne. Tsoron kada in yi kuskure ɗaya ne ya sa na ɗauki duka, kuma ba ni ce na biya ba, muryar wata tsohuwa ce da ba za a sake ji ba.