Hular da Baba ya kafa wa abokina

Shekarun baya, lokacin da tashin bama-bamai ya rikita Kano, ko'ina shingen jami'an tsaro, ni da abokina muna zuwa lasin ɗin Turanci a wani zaure a Koki. Malaminmu ba ya son hadda. Da muka zo kan kalmomin laifi da hukunci sai ya mai da zauren kotu, wanda ya fi iya kalmomin shi ne alƙali, ya hau kujerar Malam. Kullum abokina ne alƙali, ni kuwa kullum ɓarawon akuya, ina tsugune a tabarma. Har "life imprisonment", wato ɗaurin rai da rai, ya taɓa yanke mini a kan akuya ɗaya. Ana dariya ina dariya, amma wallahi raina ƙuna yake.

Ana nan sai aka yi kame a Ƙofar Mata, aka haɗa da yayana yana dawowa daga kasuwa. Aka ce jami'in da ke tsare da su ba ya jin Hausa. Na zura kaftanina, na ce a raina yau Baba zai ga amfanin lasin ɗina.

Baba ya dube ni ya ce, "Je ka kira mini abokin nan naka, alƙali."

Ashe labarin kotunmu ya iso har gida.

Na ce, "Baba, ai ni ma na iya."

Ya ce, "Na sani. Kai zauna wajen Innarku."

Na kirawo shi, suka tafi da Baba. Haka na zauna. Inna tana kuka tana jan carbi, ni kuma ina ta maimaita "bail" da "surety", wato beli da mai tsaya wa mutum, a zuci, ba wanda ya tambaye ni.

Bayan la'asar suka dawo su uku. Kafin ma yayana ya sha ruwa, Baba ya cire hularsa zanna bukar, wadda na daɗe ina sa wa ido, ya kafa wa abokina a ka. A gabana.

Na yi murnar dawowar yayana, Allah shaida ne. Amma ranar na gane murna da kishi suna iya zama a zuciya ɗaya, ba mai korar wani.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abokina har yau abokina ne, kuma ja'irin ya san inda ke mini ciwo. Duk biki ko suna a gidanmu da hular nan yake zuwa, ta koɗe amma ya ƙi rabuwa da ita. Sai ya gyara mata zama ya ce, "Ɓarawon akuya, ina gajiya?"

Ni kuma in haɗiye in ce, "Ba gajiya, ranka ya daɗe."