Gaisuwar suruki a kan farin layi



Mun fito daga Magariya cikin motar kasuwa. Muna shiga wata kwana sai direbanmu ya hangi surukinsa bisa amalanke a ɗaya hannun. Bai yi wata-wata ba, ya taka farin layin nan na tsakiya, wanda ba a tsallakawa, ya nufe shi don su gaisa.

Sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ta ɓullo maƙare da buhunan gero. Ba abin da kake ji sai salati. Ta share madubinmu ta wuce da shi, matar da ke kusa da ni ta ƙanƙame jaririnta.

Wani jandarma da ke shinge can gaba ya taho a guje, ya ce direba ya kawo permi, wato lasin tuƙi.

Direba ya ce, "Shef, surukina ne fa. In wuce shi ina zaune kamar ban gan shi ba?"

Tsohon ya sauko daga amalanke. Duk mun ɗauka haƙuri zai bayar. Sai ya dubi jandarman ya ce, "Ɗana, ci shi tara, kada ka sassauta masa. Me zan yi da gaisuwarsa in 'yata ta shiga takaba?"

Direba ya miƙa permi da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Jama'a, ku faɗa mini, wane irin ladabi ne wannan? Saura ƙiris mu tafi lahira a kan surukin da ba namu ba.