Kiran da Ummi Ta Ƙi Amsawa a Dajin Ragdan

Jidda zuwa Lis

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda, ni da ƙanwata Khadija da mahaifiyarmu, wadda muke kira Ummi. Tafiyar tata ce. Tun da likita ya ce idonta na dama ya tafi, na hagun ma ya kama hanya, ta tsiri zancen itatuwa. A wani ƙauye na bakin kurmi a Najeriya aka haife ta, aure ya kawo ta nan, kuma ta ce tun zuwanta ba ta sake ganin bishiyar da ta fi ƙarfin runguma ba. Ni haifaffen Jidda ne, iyakar sanina da daji shuke-shuken tsakiyar titi. Wani abokin aikina a Madinar Masana'antu ya ce akwai daji na gaske a kan duwatsun Baha, sai na ɗauki hutu.

A shingen bincike aka nemi iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar. Ta Ummi tana ƙulle cikin hankici, hankicin cikin leda, ledar cikin jaka. Kafin ta gama kwancewa jami'in ya gaji ya sallame mu da cewa, "Yalla ya Hajja, halas." A garin Lis muka karya da ful da gurasar tamis, ta ce waken bai ji mai ba, amma ta share kwanon.

Makhwa zuwa Baha

Daga garin Makhwa hanya ta fara hawa. Titin manne yake da jikin dutse, ka fita daga wannan rami mai duhu ka faɗa wancan, gefe guda kuwa kwazazzabo ne da ba a hango ƙarshensa. Birai sun jeru a kan katangar titi suna kallonmu kamar mun zo cin bashi. Khadija ta rufe ido tun a kwanar farko.

"Shuwayya shuwayya, Usman," in ji Ummi, wato in tafi a hankali. "Ba gudun kowa muke ba."

Mun sauka a wata shiƙƙa, wato ɗakunan haya, a cikin garin Baha. Sanyin wurin ya sa Ummi ta kwana da safa biyu, tana cewa ashe ƙasar nan ma ta san sanyi, mu ne aka ajiye a bakin murhu.

Dajin Ragdan

Washegari bayan azahar muka shiga dajin. Itatuwan ar'ar ne tsofaffi, jikinsu a murɗe, rassansu sun haɗe sama har rana ba ta sauka sosai. Ummi ta dafa wata babba, ta kai hannu ta kasa zagaye ta, ta daɗe tana shafa ɓawon. Ta ce ba ta kai na garinsu ba, amma ta yi ƙoƙari.

Na koma mota ɗauko tabarma. Khadija kuma ta biyo ni don ta ɗauki rigar sanyin Ummi, ta bar ta tsaye a gindin bishiyar. Kafin mu juyo gajimare ya sauko cikin dajin, fari fat, ko tafin hannunka ba ka gani da kyau. Muka lalubi bishiyar, ba Ummi.

Na yi kira, Khadija ta yi kira. Shiru. Na san bakin dutsen ba shi da nisa, don mun gan shi da shigowarmu, kuma na san da ido ɗaya mai rauni take tafiya. Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba. Ina tafe ina karo da itatuwa ina kiran "Ummi" har muryata ta dishe. Khadija tana bayana riƙe da rigata tana kuka, tana cewa ita ce ta bar ta.

Can na hangi wani baƙin abu a gabana. Na zaci matar wani ce cikin abaya, don haka na tsaya nesa na yi sallama. Kututture ne. Amma daga hagu, kusa ƙwarai, aka amsa, "Wa alaikumus salam."

Tana zaune a ƙasa, ta jingina da wata bishiya, carbi a hannu. Na durƙusa, raina a ɓace.

"Ya Ummi, duk kiran nan ba ki ji ba?"

"Na ji sarai."

"To me ya hana ki amsawa?"

"Wa ya gaya maka ana amsa kira a daji? Tun muna yara aka hana mu. Ba kai kaɗai ke iya muryarka ba a irin wurin nan. Sallama ce ba a ƙin amsawa." Ta nuna gabanta da carbin. "Kuma ta can kiran yake zuwa. Na ce in ɗana ne zai iso ni inda nake, sai na zauna."

Muka zauna tare da ita, ba wanda ya yarda ya motsa. Da iska ta ɗage gajimaren, na dubi inda ta nuna. Babu ƙasa a wurin. Bakin kwazazzabon ne, bai fi tsawon tabarma daga ƙafarta ba, kuma dutsen da ke tsallake shi ke dawo da muryata. Khadija ta kifa kai a cinyar Ummi.

Komawa gida

Da safe muka sauko, ban wuce tafiyar kunkuru ba har Makhwa. Mun shiga Hindawiyya ana kiran magariba, zafi ya tare mu, ban taɓa jin daɗinsa kamar ranar ba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu mu uku. Na kuma gode wa wasu tsofaffi a wani ƙauye da ban taɓa gani ba, waɗanda suka hana wata yarinya amsa kira a daji, har ta ƙi amsa na ɗanta.