Guɗar da na yi wa Abba a Landan

Ana idar da sallar asuba muka tashi, ni da maigidan, ko shayi bai tsaya sha ba don fargabar kada jirgi ya bar mu. Shi zai je a duba masa ido a Landan, ni kuma 'yar rakiya, amma Allah ya sani da nawa aiken a ƙulle. Mun biya ta gidan Hajiyarmu a cikin gari don sallama, muka tarar ta ɗaure mana kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, kamar an ce mata yunwa ake yi a can. Da maigidan ya fita sai ta riƙo hannuna ta ce, "Auta, ki dubo min Abba da idonki. Ubansa ya ce ya lalace. Ni ba na son in bar duniya ɗana ba ya magana da ɗansa."

Abba ɗan yayana ne, a Landan aka haife shi, sunan mahaifinmu ya ci, shi ya sa ba ma faɗin sunan. Yaya likita ne, ya daɗe a can. Tun ranar da Abba ya ajiye karatun harhaɗa magunguna ya rungumi jita, Yaya ya ɗauke masa wuta, ko sallamarsa ba ya amsawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sunan Baba, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan buzu yana karantarwa, wai yau shi ake mannawa a bango ana tallar kiɗa. Ni kaina da na fara ji raina bai yi daɗi ba, don gidanmu ba a gaji kiɗa ba.

Daga Kano muka sauka Abuja, daga nan muka ɗauki dogon zango. Abincin jirgi dai sai a hankali, shinkafa ce fara fat ba gishiri ba yaji, na lalubo yajin Hajiya a jaka na barbaɗa. Yaya ya tarbe mu ya kai mu gidansa a Dagenham. Unguwar ta ba ni mamaki, gidaje duk iri ɗaya a jere, in ba ka riƙe lambar ƙofa ba sai ka faɗa gidan mutane. 'Yan Najeriya kuwa ko'ina, ka ji Yarabanci a nan, Ibo a can, ƙamshin soyayyen manja yana fitowa ta tagogi. Lokacin zafi ne, rana ba ta faɗuwa da wuri, har na gaji da jiran magariba na yi gyangyaɗi a kan sallaya.

Asibitin idon a Marylebone yake. Mun shiga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, inda mutane ke zaune gwiwa da gwiwa amma ba mai ce wa wani sannu. Na gaida wata mata, ta dube ni kamar na tambaye ta rance. Aikin ido ya yi kyau, alhamdu lillahi, sai dai na haramta wa kaina juya fam zuwa naira tun ranar da na sayi ruwan roba ɗaya na ji kaina ya sara.

Da maigidan ya samu sauƙi na nemi Abba a waya, ya ce in same shi a Lewisham. Kasuwar can ta burge ni, ga doya ga tattasai ga busasshen kifi, wata 'yar Gana mai Hausar zango ta sayar min da kuɓewa ɗanya tana ce min "ɗan'uwana". Abba ya zo ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a ya ce, "Gwaggo, sannu da zuwa." Iyakar Hausar ke nan, sauran duk da Turanci ya amsa min, amma yana jin komai. Na ƙare masa kallo daga sama har ƙasa ina neman lalacewar, ban ga komai ba sai rama da gashin da ke neman aski.

A flat ɗinsa na ga ikon Allah. Jitoci a rataye, wayoyi a ƙasa kamar taliya, ga sallaya a ninke a gefe. Ya cusa tsinken tsintsiya tsakanin tsirkiyoyin jitar, wani lokaci ya goga musu izga kamar mai goge, wani lokaci ya buga da cokali. Akwai wata 'yar na'ura da yake takawa da ƙafa, takan kama sauti ta yi ta maimaita shi, shi kuma ya ɗora wani a kai. Ya ce shi ba waƙa yake yi ba, tsara sauti yake, kuma masana sun rabu biyu a kansa: wasu na cewa ya buɗe wa jita sabuwar hanya, wasu na cewa hayaniya ce kawai. Da ya ɗan kaɗa min, wallahi sai na ji ina bayan masu cewa hayaniya, don farkon abin kamar injin markaɗe ya shaƙe. Na dai yi murmushi na ce Allah ya yi albarka. Ya ce yana da wasa ranar Lahadi da la'asar, ya yi min booking, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ya ajiye kujera ɗaya ta Daddy, kamar yadda yake yi kowane wasa.

Maganar kujerar nan ta tsaya min a rai. Na sami Yaya na faɗa masa, ya ce, "Auta, kada ki sa baki a abin da ba ki sani ba." Na ce to, ba zan sa ba, amma ni baƙuwa ce, ban san hanya ba, kuma in na ɓata shi zai yi wa Hajiya bayani. Ya yi tsaki ya ce zai kai ni, amma ƙafarsa ba za ta taka ciki ba, a mota zai jira.

Wurin wani tsohon sito ne da aka gyara, an bar ƙofofi a buɗe saboda zafi. Ya cika maƙil, yawanci Turawa, har da masu furfura. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce daga wani gari mai nisa ta hawo jirgin ƙasa don ta ji shi, kuma tana da faifansa duka. Na ce a raina, oh ni, Abban namu? Kujerar da ke damana kuwa ba kowa.

Ya fito ba gaisuwa ba kirari, ya zauna ya fara. Da fari ƙugi ne da ƙara, na dafe ƙirji. Can sai ya soma bugun jikin jitar da tafin hannu, dum, dum, ya taka na'urar ta riƙe, ya ɗora wani bugun a tsakani, ya ƙara na uku. Tsigar jikina ta tashi. Lugude ne! Luguden daka na tsakar gidanmu, taɓarya uku a turmi ɗaya, har da tafin da ake yi idan an cilla taɓarya sama. Yaron nan sau nawa ma ya zo Kano, yana ɗan mitsitsi yana raɓe a jikin Hajiya, ashe ya kwashe shi a kunne. A kan luguden ya ja izga, jitar ta yi wani kuka siriri, sai ga ni ina share hawaye da bakin mayafi.

Sai kwatsam ya tsaya. Tsit. Ya sunkuyar da kai, hannu a kan jita, ba motsi. Na duba jama'a, ba mai tafi, ba mai tashi, ba mai cewa komai. To mu a wurinmu, makaɗi ya yi irin wannan bajinta a yi masa shiru, ai an kunyata shi ke nan. Na ɗauka ya kakare ne, ko kuma mutanen nan ba su yaba ba. Zuciyata ta ce ɗan yayanki ne, ba shi da kowa a nan sai ke. Ban san sanda na miƙe na kama hanci na rangaɗa guɗa ba, irin wadda ake ji har bayan layi.

Kai, jama'a! Duk sito ya juyo. Tsohuwar nan ta zabura har jakarta ta faɗi. Ashe shirun ma cikin kiɗan yake, tsara shi ya yi, su kuma sun sani. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abba ya ɗago, ya dube ni, sai ya fashe da dariya, ya juyo da makirufo wajena ya ce, "Gwaggo, ƙara." Tunda an riga an yi abin kunya, na ƙara, har da gyara murya. Ya taka na'urar ta cafke guɗar, ya mayar da luguden a ƙarƙashinta, ya bi ta da jita tana hawa yana hawa. Nan take ya gina wani abu da bai shirya ba, kuma a nan na yarda yaron nan gwani ne. Da ya gama mutane suka miƙe tsaye suna tafi ba ƙaƙƙautawa.

Ina waiwayawa na hango Yaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannu. Daga baya ya ce min guɗar ya jiyo, kuma ya san ta, don ita na yi ranar aurensa, sai ya zaci wani abu ya same ni. Ya shigo dubawa, ya kasa fita. Da mutane suka ragu Abba ya tako a hankali da jita a hannu ya durƙusa. Yaya ya dube shi ya ce, "Ka ci abinci kuwa? Dubi yadda ka rame." Ya karɓi jakar jitar da kansa ya kai but ɗin mota. Ni dai ina bayansu ina ta hamdala a zuci.

Ba zan ce muku Yaya ya koma son kiɗan ba, har muka taho yana cewa rabinsa ƙarar janareto ne, maigidan na taya shi. Ni ma ba duka nake ganewa ba. Abin da tafiyar ta koya min shi ne kada in yanke wa mutum hukunci da labarin da aka ba ni, sai na je na zauna na ji da kunnena. Na gode wa Allah da ya ba maigidan lafiyar ido, na gode wa Hajiya da ta aike ni, har kunyar da na sha na gode mata.

Mun sauka Kano lafiya, ban ko kwance kaya ba na wuce cikin gari. Hajiya na ganina ta ce, "Ya lalace?" Na ce a'a, na kunna mata wasan a waya. Ta kasa kunne, da luguden ya shigo ta ce, "Ikon Allah, wannan ai dakan gidan nan ne." Muna cikin haka kiran bidiyo ya shigo daga Dagenham. Yaya ne a kan tebur, gabansa tuwo da miyar kukar da ta aika, ga wani hannu a gefe yana kai loma daga kwano ɗaya. Hajiya ta matso da wayar daf da idonta ta ce, "Kai likita, matsa can, ka tare min maigidana."